Kafin Ka Shiga Tseren Mota Na Onlayin, Gwada Hannunka, Wayarka Da Sabis Ɗinka

Yau maganarmu a kan gem ɗin tseren mota ne, musamman ga waɗanda suka fara bugawa kwanan nan, suna ta cin motocin kwamfuta, har zuciya ta fara raya musu cewa lokaci ya yi da za su shiga onlayin su kara da mutane na gaske. Mu masu gyaran waya a nan Sule Tankarkar da Gumel muna yawan shan wannan tambaya daga matasa: "Oga, ta yaya zan san na isa shiga onlayin?"

Ga amsata a taƙaice: ka isa ranar da wanda yake bayanka zai iya sanin abin da motarka za ta yi kafin ta yi shi. Ya san inda za ka taka birki, ya san gefen da za ka bi a kwana, ya san ba za ka ɓace daga sikirin ɗinsa ka sake ɓullowa a kan hancinsa ba. Gudu zai zo daga baya. Kuma a yankinmu wannan magana ba ta tsaya ga hannunka kaɗai ba, domin waya mai zafi da sabis mai rawa suna iya mayar da direba mai hankali ya zama annoba a kan titi.

WANE IRIN GEM MUKE NUFI?

Mu fara rabe zare da abawa, don kada a yi ta musu a banza. Akwai gem irin su Asphalt 8 da ya fito a 2013 da Asphalt 9 da ya fito a 2018, duk na kamfanin Gameloft. A waɗannan, mota tana tashi sama tana juyi, kuma buge abokin tsere yana cikin wasan, har lada ake ba ka a kai. A Asphalt 9 ma akwai tsarin TouchDrive wanda gem ɗin ne yake riƙe maka sitiyari. Irin wannan, in ka ga dama yau ka sauke shi yau ka shiga onlayin, ba wanda zai ce ka yi laifi.

Akwai kuma gem ɗin da suke kwaikwayon tuƙin gaske, inda taya take da iyakar riƙon kwalta, birki yake da nisan da yake buƙata, kuma in ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima sai ka tsinci kanka a cikin yashi. A waya akwai irin su Assoluto Racing, da GRID Autosport wanda ya zo Android a 2019. A PlayStation akwai Gran Turismo 7 na 2022. A kwamfuta akwai iRacing, wanda yake aiki tun 2008, da Assetto Corsa Competizione. A kan wannan kashi na biyu nake magana, domin a nan ne kuskuren mutum ɗaya yake lalata tseren mutum goma.

ABIN DA MANYAN GEM SUKE AUNAWA

Ka duba yadda waɗanda suka ƙirƙiro abin suka tsara shi, za ka gane ba ni na ƙago wannan ra'ayi ba. A iRacing kowane sabon shiga yana farawa ne da lasisin ɗan koyo, sannan ya hau D, C, B, har A. Abin da yake hawar da kai shi ne makin tuƙi lafiya, ba yawan kofunan da ka ci ba. In ka sauka daga kwalta a rubuta maka laifi 1, in mota ta juya da kai ko ka daki bango 2, in ka yi karo da wata mota 4. Abin da ya fi ɗaukar hankali, tsarin ba ya tambayar wa ke da gaskiya: duk motocin da suka yi karon kowa zai kwashi nasa. Ma'ana, ko kai aka buga, ana sa ran ka iya kauce wa masifa tun daga nesa.

Gran Turismo ma haka. Kowane ɗan wasa yana da maki iri biyu, ɗaya na gudu, ɗaya na ladabin tuƙi wanda yake tashi daga E zuwa S, kuma da su ake zaɓar mutanen da za a haɗa ka da su. A da, a Gran Turismo Sport na 2017, sai ka zauna ka kalli bidiyo biyu na ladabin tsere kafin a buɗe maka ƙofar gasar onlayin. In ka shiga da gaggawa ka zubar da makin ladabinka a makon farko, gem ɗin zai riƙa jefa ka cikin masu buge-buge irinka, kuma fita daga wannan rami ya fi faɗawa cikinsa wuya, tunda kullum da wanda zai sake buge ka. Sauri ya haifi nawa ke nan.

GWAJI NA FARKO: HANNUNKA

Zaɓi mota ɗaya mara ƙarfi sosai da fili ɗaya. Kada ka canja su har mako guda. Yi zagaye 10 a jere ba tare da tayarka ta bar kwalta ba, ba ka taɓa bango ba, mota ba ta juya da kai ba, kuma ba ka danna sake farawa ba. Sannan ka duba lokutan zagayen. In na farko minti 1 da sakan 40 ne, na biyu 1 da 47, na uku 1 da 38, to ba ka iya filin ba tukuna, sa'a ce take kai ka tana dawo da kai. A ganina sai bambancin da ke tsakaninsu ya tsaya kusa da sakan 1. Zagaye ɗaya mai zafi da ka samu bayan gwaji 30 ba hujja ba ce, domin a onlayin ba a sake farawa.

Ka san inda kake taka birki da ido, ba da zato ba. A gefen titi akwai alluna masu lamba 150, 100, 50 da suke nuna nisan da ya rage kafin kwana. Ka riƙe alama ɗaya a kowace kwana. Layin nan mai launi da gem yake zana maka a kan kwalta yana da amfani a kwanakin farko, amma layin bai san akwai mota a gefenka ba. Wanda idonsa ya saba da kallon layi, shi ne yake hawa kan mutane yana cewa ai hanyarsa ce. Haka ma taimakon birki: ka riƙa rage shi sannu a hankali, don ranar da na gabanka ya tsaya da wuri, kai ne za ka yanke shawara, ba kwamfuta ba.

Bayan nan sai ka shiga tsere da motocin kwamfuta, ka fara daga can baya. Burinka a nan ka kai ƙarshe ba ka taɓa kowa ba. Ka sami mota ɗaya ka bi bayanta kusa-kusa zagaye 3 ba ka wuce ta ba kuma ba ka dake ta ba. Wannan gwajin ya fi cin tsere wuya, gwada ka gani. Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa ya san cewa sakin linzami ba shi ne gwaninta ba, kowa zai iya. Gwani shi ne wanda zai iya riƙe dokinsa a tsakiyar dawakai.

To gudu fa, ba shi da muhimmanci ko kaɗan? Yana da shi, amma ɗan daidai. A gasar Formula 1 akwai dokar kashi 107 cikin 100, wadda aka fara a 1996 aka dawo da ita a 2011: wanda lokacinsa ya wuce kashi 107 na mafi sauri a zagayen share fage, ana iya hana shi shiga tseren, saboda mota mai nawa fiye da kima haɗari ce ga sauran. Ka ari wannan ma'auni. In gwanayen filin suna yin sakan 90, kai kuma kana iya yin 96 a kai a kai ba tare da kuskure ba, ka isa. Ba sai ka jira ka kamo su ba.

GWAJI NA BIYU: WAYARKA

Nan ne ɓangarenmu na masu gyara. Waya tana iya yin kyau a minti 5 na farko, ta fara sanƙarewa a minti na 15. Dalili shi ne zafi. In injin waya ya yi zafi, da kansa yake rage ƙarfin aiki don kada ya ƙone, sai hoto ya fara tsalle-tsalle. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayarsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. Saboda haka ka buga gem ɗin minti 20 cur, a irin lokacin da kake son riƙa shiga onlayin, ka ga ko wayar za ta riƙe. In ta fara ja, rage ingancin hoto zuwa ƙasa. Hoto mara kyau da yake tafiya sumul ya fi mai kyau da yake tsayawa a bakin kwana.

Cire murfin roba kafin ka fara. Kada ka yi tsere waya tana jikin caji: zafin caji da zafin gem in suka haɗu, su ne suke kumbura batir har ya ɗaga sikirin, kuma irin wannan aiki muna karɓarsa kullum. Ban da haka, caja mara kyau ko wutar janareta mai hawa da sauka tana sa tacin waya ya riƙa danna kansa, ka ga mota ta yi gefe alhali ba ka taɓa ba. In wayar ta yi zafi, ajiye ta a inuwa ta huce da kanta. Kada ka sa ta a firij ko ka ɗora ta a kan ƙanƙara, raɓar da za ta taru a ciki ita ce take cin fanel. Ka kashe tsarin tanadin batir lokacin wasa, domin shi ma yana rage ƙarfin inji, ka shiga da cajin da ya haura rabi.

Ka gwada tacinka. Maɓallin birki da na totur yawanci a kusurwoyin ƙasa suke, kuma nan ne tacin da ya tsage ko sikirin ɗin kwafi yake fara mutuwa. A wayar Samsung, danna *#0*# a wajen kira, ka zaɓi gwajin taci ka ja yatsa a duk gefuna. A Tecno, Infinix, itel da sauransu, shiga bayanin waya ka danna Build number sau 7, sai ka koma Developer options ka kunna Pointer location, ka ga ko layin yana yankewa a wani wuri. Ka gwada da yatsu biyu a lokaci guda. In akwai inda ba ya ji, gyara shi kafin ka shiga cikin mutane. Birkin da yake kamawa sau 9 cikin 10 ba birki ba ne.

Sai maganar kira. A wayoyi da yawa masu layi biyu, in kira ya shigo ta layi na biyu, datar layi na farko tana tsayawa. Ko a layi ɗaya ma, kira yana iya sauko da kai daga 4G. Ka kashe layin da ba ka buƙata na wannan ɗan lokaci, ko ka jona ta Wi-Fi daga wata na'ura.

GWAJI NA UKU: SABIS ƊINKA

Masu buga Free Fire da PUBG sun san lambar nan ta ms da take kusurwar sikirin. Ita ce take nuna lokacin da saƙo yake ɗauka ya je babbar kwamfutar gem ɗin, wato saba, ya dawo. 1,000 ms shi ne sakan 1. Bari mu yi lissafi. Motar da take gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 da ɗoriya a sakan guda. In jinkirinka 150 ms ne, motar ta yi sama da mita 8 kafin labari ya kai ya dawo, kusan tsawon mota biyu ke nan. Gem ɗin yana cike wannan giɓi da hasashe. Muddin kana tafiya yadda aka zata, hasashen yana dacewa. Da zarar ka yi wani motsi na ba-zata, sai a sikirin ɗinka ka ga ka wuce lafiya, a nasa kuma ya ga ka dake shi. Ka ga dalilin da ya sa mu da muke nesa muka fi kowa buƙatar tuƙi mai natsuwa.

Wani ɓangare na jinkirin ba laifin kowa ba ne, nisa ne. Sau da yawa sabar tana Turai. Haske a cikin igiyar intanet yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Igiyar MainOne da ta fara aiki a 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. In saƙonka ta nan ya bi, zuwa da dawowa 70 ms ne, tun ba a lissafa tafiyarsa daga Jigawa zuwa Legas ba, balle tsakanin wayarka da ƙarfen sabis. Don haka kada wani ya sayar maka da manhaja wai za ta mayar da lambar 20. Ko 5G da aka fara a Najeriya a 2022, wanda Kano tana cikin biranen farko, ba ya rage nisan teku.

Abin da za ka nema shi ne lamba mai tsayawa wuri ɗaya. 130 da ba ta motsi ta fi wadda take 90 yanzu, anjima 400. Sauke Speedtest, amma kada ka bar shi ya zaɓi saba mafi kusa, ka zaɓi ta Landan ko Frankfurt da hannunka. Ka gwada da safe, da la'asar, da bayan isha'i, kwana 3 a jere, ka rubuta. Za ka gano lokacin da sabis ɗin unguwarku ya fi natsuwa. Da dare lokacin da kowa yake kallon bidiyo, ko ranar kasuwa kamar Alhamis a Maigatari da gari yake cika, ƙarfen sabis yana ɗaukar nauyi fiye da kullum. Ga waɗanda suke ƙauyukan bakin iyaka kuma, waya tana iya tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar, don haka ku zaɓi layinku da hannu a cikin saitin maimakon barin sa a kan zaɓin kai-tsaye. Ka kashe sabunta manhajoji da saukar bidiyon WhatsApp da kansa kafin tsere.

MASU CEWA BA HAKA BA

Wani zai ce, "Malam, wasa ne fa, in an yi karo ba wanda zai mutu." Gaskiya ne ba jini. Amma wanda ka fitar a kwanar farko ya sa datarsa, wataƙila ya yi kwanaki yana atisaye, kuma ya jira lokacin tseren. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya san data ba abin wasa ba ce. Kai ma taka kake ƙonawa a tseren da ba ka kai zagaye na biyu ba.

Wani kuma zai ce, "Ai sai an shiga ruwa ake koyon iyo." Wannan yana da gaskiya babba, kuma ina tare da shi rabin hanya. Motocin kwamfuta ba sa jin tsoro, ba sa fushi, ba sa yaudara. Mutum yana yin duk ukun, kuma ba za ka koyi zama da shi ba sai ka shiga. Akwai masu shekara guda suna zagaye su kaɗai suna jiran ranar da za su zama gwanaye, ranar kuwa ba za ta zo ba. Gwaje-gwajen da na lissafa aikin mako 2 ne ko 3 ga mai bugawa kullum. In ka ci su, shiga, ko da gabanka yana faɗuwa. Gem ɗin da suke da tsarin maki za su haɗa ka da sa'o'inka ne.

Na uku zai ce, "Ba ni da sitiyari da feda irin na Turawa." Kayan aiki suna taimakawa, amma ba su ne sharaɗi ba. Hannun gem na Bluetooth ya fi taci ba ka iko a kan birki da totur, in kana da halin saye. In babu, ka tsaya a kan tsarin tuƙi ɗaya ka saba da shi. Kuma kada ka zuba kuɗi kana sayen mota mai ƙarfi a cikin gem da zaton ita za ta gyara maka. Wanda ƙaramar mota ta gagare shi, babba sai dai ta kai shi bango da wuri. Gem ɗin da aka yi wa kutse kuwa, masu kuɗi mara iyaka, suna jawo a rufe maka asusu, wasu ma da ƙwayar cuta suke zuwa.

RANAR FARKO

In ka shiga, ka ɗauka ka zo ne ka ƙarasa, ba ka ci ba. Yawancin karo a kwanar farko yake faruwa, shi ya sa 'yan wasa a duniya suke tsoron kwanar farko ta filin Monza na Italiya. Taka birki da wuri fiye da yadda ka saba, domin jerin motoci yana tsayawa ne tun daga gaba. In mota ta kawo gefenka, bar mata faɗin mota guda. In za ka tare hanya, motsi ɗaya, ba lilo ba. In ka sauka daga titi, tsaya ka duba taswira ko madubi kafin ka dawo, kada ka yanko tsakiyar mutane. In masu gaba sun zagayo za su wuce ka, riƙe layinka ka ba su hanya a miƙaƙƙen wuri. In ka buge wani, jira shi ya wuce ka ba shi haƙuri. In kai aka buge, kada ka rama, kuma kada ka fita. Sau da yawa wanda ya fara na 15 yana ƙarewa cikin goman farko don kawai wasu sun kashe junansu.

Abin nan yana iya kai mutum nesa. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya ci gasar GT Academy a 2011 daga buga Gran Turismo, a 2013 kuma ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar gaske. A tsere irin wannan, wanda bai iya kai mota gida lafiya ba ko sunansa ba a ji.

Saboda haka ɗan uwa, zagaye 10 ba kuskure, waya mai riƙe minti 20, da lambar ms mai tsayawa wuri ɗaya. In ukun nan sun cika, bismilla, fili naka ne. In ɗaya ya gaza, ka san abin da za ka gyara a wannan makon. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.